Baƙin bel ɗina da ɗiyan unguwa: ɗan Konni a Sakkwato

Wata uku kenan ina juya maganar koya ma ɗiyan unguwa tekwando a raina, jiya da dare dai na yanke shawara, shi yasa nace bari in rubuta ko akwai ɗan uwan da ke cikin irin halin da na shiga.

Ni mutumin Birnin Konni ne can Nijar, na shigo Sakkwato ƙarshen 2022 ta Illela, kawuna ƙanin innata yana da shagon shadda da atamfa a babbar kasuwa, shi ya kira ni in riƙa tsare mai. Mutane na cewa ɗan Konni a Sakkwato ai ba baƙo bane, tafiyar da bata kai awa biyu ba, Hausar ɗaya, furar ɗaya, har kabu-kabu suna ɗaya muke kiranshi. Haka ne, amma sai ka zauna zaka san ka ƙetare iyaka. Ni lakkwal nayi da Faransanci, da dala da jikka na iya lissafi, ranar da wata hajiya ta fara cewa in rubuta mata rasit da Turanci kawu ne ya karɓi biron daga hannuna. Ban gama gane naira ba aka shiga wahalar canjin kuɗi farkon 2023, ana cikin haka akai juyin mulkin 26 ga Yuli aka rufe boda sama da wata bakwai, innata ta kwanta ciwo a lokacin, ga Konni nan kusa amma sai ta ɓarauniyar hanya bisa babur.

Abin da ban faɗa ma kowa ba har kawu, a ƙasan jakata akwai farin dobok, wato kayan da 'yan tekwando ke sawa, da baƙin bel. Tekwando na koya a Yamai tun ina shekara 13, a hannun wani metir, wato malamin tekwando, da har yau in na tuna shi sai nayi mai addu'a. Ina cikin kulob ɗin lokacin da Abdoul Razak Issoufou Alfaga ya ciyo azurfa a Rio 2016, Nijar rabonta da lambar Olamfik tun tagullar Issaka Daboré a dambe a 1972, wallahi bayan wasan nan ɗakin atisayenmu cika yayi har babu wurin ɗaga ƙafa, shekara ta zagayo kuma yaje Muju can Koriya ta Kudu ya zama zakaran duniya. Na kai dan na biyu, wato mataki na biyu na baƙin bel, kafin neman abinci ya raba ni da wurin.

A gidan hayar da nake a Mabera, bayan asuba nakan fito tsakar gida in yi pumse, wato jerin motsin da ake yi ba abokin karawa, ni kaɗai, in bi guda takwas ɗin nan da ake kira Taegeuk in rufe da na 'yan baƙin bel mai suna Koryo, ƙafa ba takalmi bisa siminti mai sanyi. Ashe ɗiyan unguwa na leƙe na ta kan katanga. Rannan sai maigidan, dattijo ne muna ce mai Baba Alhaji, ya kira ni zaure yace "Ɗana, mi kaka yi da sassahe kana harbin iska?" Na bayyana mai. Yayi shiru, can yace "To ga jikokin nan nawa sun ƙi zama gida, ka kama mani su ka koya masu."

Na amsa da bakina amma zuciyata bata amsa ba. Iya harbi daban, koyar da ɗan wani daban. A tsarin Kukkiwon, hedkwatar tekwando dake Seoul, sai mai dan huɗu ake ɗauka cikakken malami da zai iya tsaya ma ɗalibi a jarabawar baƙin bel, kuma daga dan biyu zuwa uku sai ka jira shekara 2, daga uku zuwa huɗu shekara 3, wato ko komi ya tafi daidai ina da sauran shekaru a gaba. Ga kaya, hogu na kare ƙirji, hular kai, katifar ƙasa, ko ɗaya bani da shi. Ga kawu, da na gaya mai sai yace "Kai ɗan nan, kasuwa ta kawo ka ko wasa?" kuma bai yi ƙarya ba, lokacin da nazo naira da sefa kusan kai ɗaya suke a wajen 'yan canji, yanzu jikkar sefa ɗaya, wato sefa dubu, ta haura naira dubu biyu, abin da nake aika ma inna ya zama rabi tun kafin ya isa hannunta, duk yammacin da na bar shago kuɗin maganinta ne nake ragewa.

Duk da haka na gwada da yara biyar. Limamin masallacinmu ya tare ni bayan isha'i, yace yaji ana sa yara suna duƙawa. Nace "Allah gafarta Malam, gaisuwar 'yan Koriya ce, amma a wajena ba za'a yi ba, hannu a ƙirji da sallama ya wadatar." Yace madalla, har ya tura nashi ɗan.

Sati na huɗu abin da nake tsoro ya faru. Ɗaya daga cikin jikokin Baba Alhaji, ɗan shekara 12, suka yi cacar baki da wani yaro wajen famfo ya ɗaga ƙafa ya same shi a hanci, jini har kan riga. Harbin da na koya mai ne, harbin zagaye da ake kira dolyo cagi, da hannuna na gyara mai juyin ƙugu. Naje ban haƙuri gidansu yaron, ina tsaye ƙofar gida naji uban daga ciki yana faɗin ai ɗan Nijar ɗin nan ne ke tara masu ɗiya yana koya masu ta'addanci. Shekara biyu muna sallah sahu ɗaya da mutumin nan, ya san sunana sarai, amma ranar na koma ɗan Nijar. Daren nan ban runtsa ba. In ɗan gari yayi kuskure dangi ke tsaya mai, ni wa zai tsaya min in wata rana ƙashi ya karye? Na ninke dobok na maida ƙasan jaka, wata biyu ban sake fitowa tsakar gida ba.

Yaron da aka fasa ma hanci shi ya fara biyo ni. Ina rufe shago na same shi zaune bisa benci yana jira, yace "Masta, ni ma ina so in koya, Baba yace in kai ka yarda." Ban iya ce mai komi ba, sai na saya mai kunun aya na raka shi ya hau keke napep. Da na kai ma Baba Alhaji maganar yace min shi bai bani jikokinshi don na iya harbi ba, shekara biyu yana kallon shiga ta da fita ta, kuma in na janye yanzu yaron nan ya riga ya koyi harbin, wanda zai koya mai riƙe ƙafa ne babu. Wannan maganar ita ta tsaya min, saboda metir ɗinmu ma sai da muka yi wata uku muna tsayuwa da share ɗaki kafin ya bari mu taɓa juna, ni kuma nayi gaggawa don in faranta ma yara.

Satin da ya wuce naje filin wasa na Giginya na samu wani koci da ya girme ni a bel, na roƙe shi in zauna ƙarƙashinshi, shi zai riƙa yi ma yarana jarabawa ni kuma in ci gaba da neman dan na uku a hannunshi, ya yarda. Ranakun Alhamis da Juma'a bayan la'asar na zaɓa tunda ba'a zuwa allo, yara tara, ba haɗa su faɗa sai mun sayi hogu, duk wanda ya ɗaga ƙafa a waje wata ɗaya zai yi zaune yana kallo, kuma kowane uba sai yazo da kanshi ya miƙo min ɗanshi.

Saura kawu, shi nafi jin nauyi. Jiya bayan magariba na zauna na faɗa mai komi har da maganar hancin, bai ce uffan ba, ya tashi ya jawo wani bandir na farin yadi da ya daɗe bisa kanta ba'a saya ba, ya ɗauki tef yace "Su nawa ne ɗiyan?" Nace tara. Ya fara aunawa yana yankewa, yace in kai ma telan dake bayanmu da safe, kuma ran Alhamis in tabbatar na rufe lissafi kafin azahar.