Binciken da ake yi a gefen gadon majiyyaci

Duk lokacin da aka ce an samu ci gaba a fannin lafiya, hankalin mutane kan tafi ga sabon magani ko wata na'ura mai tsada, alhali kuwa wasu daga cikin gwaje-gwajen da suka fi burge ni a shekarun nan ba su kawo ko ƙwaya ɗaya sabuwa ba. Abin da suka bincika shi ne aikin da ma'aikatan jinya da ungozomomi ke yi kullum, kuma a ganina ba a ba irin wannan bincike matsayin da ya cancanta.

A 2023 aka fitar da sakamakon gwajin E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham ta jagoranta a asibitoci 80 na Kenya, Nijeriya, Afirka ta Kudu da Tanzaniya, ya kuma ƙunshi mata fiye da 200,000. An saba kimanta jinin da mace ta zubar bayan haihuwa da ido, ido kuwa yakan raina yawansa har sai lamari ya ɓaci. Sai aka riƙa shimfiɗa wata leda mai aljihu da ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, jini na taruwa ungozoma na ganin layin da ya kai. Da zarar ya kai iyaka, sai a murza mahaifa, a yi alluran tsayar da jini, a sa ruwa, a duba inda jinin ke fitowa, duk a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a zauna jira. Mummunar zubar jini da abin da takan jawo, wato tiyata ko mutuwa, sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Tun a 2011 gwajin QASC a Ostareliya ya nuna makamancin haka ga masu shanyewar ɓarin jiki. Ma'aikatan jinya sun riƙa auna zafin jiki da sukarin jini a kai a kai, suna kuma gwada haɗiyar majiyyaci kafin a ba shi abinci, domin kada ya sarƙe shi ya shiga huhu. Bayan kwana 90, waɗanda suka rasu ko suka kasa kula da kansu sun tsaya a kashi 42, a ɗakunan da ba a bi tsarin ba kuwa sun kai kashi 58. A Suwizalan ma, gwajin EFFORT na 2019 ya gano cewa tsara wa majiyyaci mai ƙarancin abinci mai gina jiki abincin da ya dace da buƙatarsa ya rage mace-mace cikin kwana 30 daga kashi 10 zuwa 7.

Sai dai ba duk abin da hankali ya amince da shi ne ke da amfani ba, shi ya sa nake ganin wajibi ne a gwada ayyukan jinya kamar yadda ake gwada magani. Da yawa sun yi imanin cewa gwargwadon saurin tayar da mai shanyewar ɓarin jiki daga kwance, gwargwadon saurin murmurewarsa. Gwajin AVERT na 2015, mai majiyyata fiye da 2,000, ya samu akasin haka: cikin waɗanda aka matsa wa atisaye mai yawa tun awa 24 na farko, kashi 46 ne suka murmure sosai bayan wata uku, cikin waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba kuwa kashi 50. Nazarin da ya biyo baya ya nuna cewa tayar da majiyyaci na ɗan lokaci kaɗan, sau da yawa a rana, ya fi tafiya da kyakkyawan sakamako fiye da dogon atisaye a waɗannan kwanaki na farko.