Na haɗa ƙaramar tankar Maus, sarƙa ce ta fi cin lokaci

Wanda duk ya taɓa haɗa tankokin kwaikwayo na roba na sikelin 1/35 (wato an rage girman na gaske sau 35) ya san yawancinsu tafin hannu ne da ɗan ƙari, to ita Maus kusan santimita 29 ta kai da na gama, saboda ta gasken ta wuce mita 10 a tsawo, nauyinta tan 188. Ferdinand Porsche ne ya zana wa Jamus ita a yaƙin duniya na biyu, a 1943 ma samfurin katako aka fara nuna wa Hitler, kenan su ma da kwaikwayo suka fara kamar mu.

Gangar jikin ba wuya, manyan faranti ne, ka goge bakin da sandfefa ka sa gam kaɗan shikenan. Wahalar tana ƙasa. Tayoyi 24 kowane gefe, ga sarƙar da tayoyin ke tafiya a kai, wadda ake jera guntayenta ɗaya bayan ɗaya, kuma abin haushi in ka rufe gefen rabin aikin ba mai ganinsa. Amma wallahi a nan na gane tankar, domin a ta gasken faɗin kowace sarƙa mita 1.1 ne, tankar duka kuma wajen mita 3.7, sai ka ga sarƙoƙi biyu sun cinye fiye da rabi, ɗan lungun da ya rage a tsakiya nan za a cusa inji da janareta, don injin ba ya juya sarƙa kai tsaye, wuta yake bayarwa wasu injinan lantarki su ja. Gadoji ba sa ɗaukarta, wai dabarar ita ce ta bi ta ƙasan kogi da bututun iska, wata Maus ɗin tana bakin ruwa tana tura mata wuta ta waya. Kai jama'a.

Shawarata, a yi wa tayoyi da sarƙa fenti tun kafin a manna gefe, in ba haka ba buroshi ba zai shiga ba. Kuma kar a fesa fenti a tsakar gida lokacin hunturu, ƙura na manne masa tun bai bushe ba, ni kwali nake kifawa a kai.

Wajen yi mata fentin da zai nuna kamar ta tsufa ne na saɓa da mutane da yawa. Za ka ga an cika ta da tsatsa da ramukan harsashi, alhali na gasken guda biyu kacal aka haɗa, gwaji suka sha a garin Böblingen na Jamus a 1944, ta farkon ma ba kan bindiga na gaske gare ta ba, wani nauyi aka ɗora mata a madadinsa. Laka kawai na sa a ƙasa da ɗan ƙura a sama.

Wadda ke gidan tarihi na Kubinka a Rasha haɗi ce, sojojin Sobiyet suka ɗora kan ta biyu mai bindiga milimita 128 a jikin ta farko, don haka in hotonta za ka bi, ka san ba haka Jamusawa suka bar ta ba. Yanzu T28 ta Amurka nake hari, ita kuma sarƙa huɗu gare ta, Allah dai ya ba da haƙuri.