Wayar GrapheneOS a hannun mai hidimar alhazai a Jidda

Aikina hidimar masu zuwa Umara ne daga Kano da Damagaram, don haka wayata cike take da hotunan fasfon mutane da bizarsu da lambobin iyalansu. Amana ce, kuma ita ta sa na koma GrapheneOS, tsarin Android da aka ƙara wa tsaro, wanda a wayoyin Pixel na Google kaɗai yake hawa. Na sayi Pixel ta hannu a shagunan Titin Falasɗinu. Mai saye ya duba tun a shago ko za a iya buɗe makullin tsarinta, wanda sai ya buɗu ake iya ɗora GrapheneOS, domin wasu da kamfanonin layin Amurka suka sayar ba sa buɗuwa. Ɗora tsarin ba wuya: kwamfuta, igiyar USB, sai burauza. Amma yana share komai, a kwashe kaya tukuna.

Abin da na fi jin daɗinsa shi ne yadda manhajojin Google suke zama a nan. Play Store na nan ga mai so, sai dai an killace shi, ba shi da iko fiye da kowace manhaja. Da na sa shi, na kuma cire wa abokin tafiyarsa, Google Play services, takunkumin batir, saƙonnin WhatsApp suka riƙa shigowa a kan lokaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda Hajiya za ta kira daga filin jirgi tana cewa, "Malam, ina motar tamu?"

Akwai Contact Scopes, inda nake zaɓar lambobin da manhaja za ta gani, sauran kuwa a wurinta babu su. Haka Storage Scopes ke yi wa hotuna da takardu. Kwanaki wata manhajar tasi ta nemi dukan hotunana. Na ba ta babu, ta ɗauka an ba ta, ta ci gaba da aiki lafiya lau, fasfon bayin Allah kuwa ko ƙyallinsu ba ta gani ba. Kamus ɗin Larabci da nake amfani da shi ma na yanke masa intanet gaba ɗaya, tunda ba abin da zai yi da shi.

Burauzar da ta zo da tsarin, Vanadium, daga Chromium, tushen burauzar Chrome, aka gina ta, kuma ta ishe ni shafukan tikitin jirgi da na otal. Wani shafin kan ɗan yi nauyi saboda an kashe abin da ke hanzarta JavaScript, yaren da ke tafiyar da ayyukan shafukan intanet. Ana iya kunna shi ga shafin da aka yarda da shi kawai.

Inda ake shan wahala shi ne kuɗi. Google Wallet ba ya yarda a biya ta ɗora waya a kan na'ura, don haka katin mada, wato katin bankin Saudiyya, yana aljihuna kullum. Manhajar wani banki kuma ta ƙi buɗewa sam, domin tana tambayar Google ko tsarin nasa ne na asali. Absher da Nafath kuwa, manhajojin gwamnatin Saudiyya, tun farko na bar su a tsohuwar wayata da ke gida. Harkar iƙama ba wurin gwaji ba ce, kuma duk abokin aikin da ya nemi shawarata nakan ce ya riƙe tsohuwarsa har sai ya gwada bankinsa a sabuwar.