Godiya ga waɗanda suka tsaya wa 'yata

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, yau sati shida ke nan 'yata tana dawowa daga makaranta wandonta a bushe. Na yi alkawari idan Allah Ya nuna mana wannan rana zan fito in yi godiya a bainar jama'a.

Shekararta 7, tana aji biyu a firamare. Tun bara fitsari ya fara kufce mata da rana. Tana cikin wasa sai ka ga ta tsaya cak ta harɗe ƙafafu, ko ta tsuguna ta danne gabanta da dunduniya, kafin ta kai banɗaki ya zubo. Na ɗauka son wasa ne. Na yi faɗa, har hannu na sa mata, kuma har yau abin yana ci mini rai. Ta daina shan ruwa da safe don tsoro, ta ƙi zuwa Islamiyya saboda yara suna cewa tana zarni, kayanta ba tsarki.

Malamar ajinsu ce ta fara jan hankalina. Ta kira ni gefe ta ce, "Maman yara, yarinyar nan ba ganganci take yi ba, ku kai ta asibiti." Daga ranar ta ba ta izinin fita ba sai ta ɗaga hannu ba, ta mayar da ita benci na kusa da ƙofa, ta ajiye mata wando da zane a cikin durowarta, ba wanda ya sani a ajin. Malama, Allah Ya rufa miki asiri kamar yadda kika rufa wa 'yata.

Sai likitar yara da ta duba mu. Ta sa aka yi awon fitsari don duba ƙwayoyin cuta da ciwon suga, ta tambaya ko tana wanka a kududdufi ko an taɓa ganin jini a fitsarinta, saboda tsargiya. Duk babu. Sannan ta yi tambayar da ban zata ba, wato sau nawa take bayan gida a sati. Ashe sai ta yi kwana uku ko huɗu ba ta yi ba, in ta yi kuma da ƙyar, da tauri. Likita ta zana mini a takarda yadda hanji yake a bayan mafitsara. Idan ya cika ya cushe sai ya danne ta, ta riƙa matsewa tun ba ta cika ba. Ta ce yaro mai shekara 7 mafitsararsa tana ɗaukar kimanin mililita 240, kusan rabin ledar ruwa. Da muka yi kwana biyu muna aunawa da kofi muna rubutawa, nata bai kai rabin haka ba, kuma ta kan zaga fiye da sau goma a yini.

Ta ba mu maganin tausasa bayan gida, ta ce ta riƙa zuwa fitsari duk bayan awa biyu ko bai matse ta ba, ba gaggawa, ta sha ruwa sosai da rana, a rage shayi da lemon kwalba. Muka ƙara gwanda, kankana, wake da zogale. Sati uku na farko ba mu ga canji ba, har na karaya. Likita ta ce mu daure, abin yakan ɗauki watanni. Na gode, Dakta, ba ki taɓa sa ta jin kunya ba.

Hajiya kakarta, ke kika hana kowa a gidan nan ya sake kiranta da sunan tsokana, kuma ke kike duba agogo ki tuna mata idan ina wurin aiki. Allah Ya ƙara miki lafiya da nisan kwana. Babansu ma ya je ya zauna da shugaban makaranta a kan banɗakin 'yan mata da ba ƙofa ba ruwa, wanda ya sa yara da yawa suke riƙe fitsari har a tashi. An sa ƙofa, an ajiye randa da butoci. Mun gode da kuka saurara.

Ke kuma 'yata, na roƙe ki gafara a ɗaki, ina sake roƙo a nan. Ranar Asabar ta koma Islamiyya, da kanta ta ɗauko allonta. Wata mai zuwa za mu koma asibiti, ku sa mu a addu'a.