Mako guda a watan Yuni: Shata, Ɗan Maraya da Maikal Jakson

Duk shekara idan watan Yuni ya wuce rabi, hotuna uku ne ke bin juna a Facebook ɗina. Ranar 18 sai ka ga Alhaji Mamman Shata cikin babbar riga, makaɗan kalangu a bayansa. Ranar 20 Ɗan Maraya Jos rungume da kuntiginsa. Ranar 25 kuma 'yan zamaninmu su sako Maikal Jakson da safar hannu ƙwaya ɗaya mai ƙyalli. Shekarun rasuwar daban-daban ne, 1999 da 2015 da 2009, kalanda ce kawai ta jera su kusa da juna.

Shata ya rasu ranar Juma'a, mako uku bayan sojoji sun miƙa wa Obasanjo mulki, aka kai shi Daura aka rufe, garin ubangidansa Sarki Muhammadu Bashar. A gidan kawuna nake zaune a lokacin. Da sanarwar ta fito a rediyo sai ya yi salati, ya ce, "Duna ya tafi," ya tashi ya shiga ɗaki ya jawo akwatin da yake tara kaset. Ranar ba wanda ya isa ya ce masa ya rage murya. Ɗan Maraya shi kuma ranar Asabar ya cika a Jos, azumi bai fi kwana uku da kamawa ba, kuma shi ma mako uku bayan an rantsar da sabon shugaban ƙasa, Buhari. Na Maikal Jakson da rana tsaka ya faru a Los Angeles, mu nan dare ya yi, yawancinmu sai da safiyar Juma'a muka ji a labaran BBC. Shekararsa 50, yana tsakiyar shirin wasanni 50 da zai yi a Landan. Maganin sa barci irin na ɗakin tiyata likitansa ke ba shi a gida, kuma a 2011 kotu ta kama likitan da laifin kisa ba da gangan ba. Abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai shi ne jinkirin jana'iza: sai 3 ga Satumba aka binne shi, sama da wata biyu. Ga kuma jita-jitar da ta cika majalisu cewa ya musulunta kafin ya mutu. Wanda aka tabbatar da musuluntarsa dai yayansa ne, Jermaine.

Ba mutuwar ce ta sa ni wannan rubutu ba. Abin da ke damuna shi ne, a cikin ukun nan mutum ɗaya ne kawai waƙoƙinsa ke da ranar haihuwa.

Ɗauki Maikal. An haife shi 29 ga Agusta 1958 a garin Gary na jihar Indiyana. Kundinsa Thriller ya fito 30 ga Nuwamba 1982, Quincy Jones ne ya tsara kiɗan. A 1984 ya kwashi kambun Grammy takwas a dare ɗaya. Ko yaron da bai kai shekara goma ba zai iya zaƙulo maka wannan a wayar babarsa. To, je ka tambayi mai tura waƙoƙi a bakin kasuwa shekarar da Shata ya yi Bakandamiya. Ni na tambayi wani saurayi da ke da kwamfuta cike da waƙoƙin gargajiya, ya dube ni ya ce, "Baba, wacce daga ciki? Ina da kusan kala biyar." Kuma gaskiya ya faɗa. Wata gajera ce, wata ta cinye gefen kaset guda, a wata muryar tana da ƙuruciya, a wata ta yi kauri ta dushe. Sunan da aka sa wa fayil ɗin ma kowa da nasa, wani lamba ce kawai.

Ban ɗauki wannan duka a matsayin sakaci ba. Waƙar Shata ba abu ne da ake gamawa a rufe ba. Amshi ne ke tsaye, sauran kuwa ya danganta da wanda ke zaune a gaba da abin da ya faru a makon. Idan wani attajiri ya shigo fili ana tsakiyar waƙa, nan take zai samu ɗiyan waƙa, wato baiti, biyu ko uku, gobe a wani gari ba za ka ji sunansa ba. Saboda haka tambayar yaushe aka yi waƙa kaza ba ta da amsa ɗaya. Amma kowane ɗauka yana da ranarsa da wurinsa, akwai wanda ya danna rikoda, kuma wannan ne ba mu rubuta ba.

Kawu ne ya koya mini yadda ake bin sawu, ko da yake shi bai ɗauke shi ilimi ba, gardama ce kawai yake son ci. Ka saurari kuɗin da ake ambata. Idan mawaƙi na godiyar fam da sule, to kafin 1 ga Janairun 1973 ne, ranar da naira da kobo suka shigo, sai dai ka bar ɗan sarari domin bakin mutane bai saki fam da wuri ba, har yau wasu dattawa naira biyu fam ɗaya suke ce mata. Ka saurari sunan jiha: Jihar Arewa ta Tsakiya daga 1967 zuwa 1976 ta yi rayuwarta, sannan ta koma Kaduna, Katsina kuwa sai 1987 ta samu tata. Ka saurari sarauta. Muhammadu Bashar a 1966 ya hau gadon Daura, don haka duk inda aka kira shi Sarki ba a yi ɗaukar kafin nan ba. Idan mai gabatarwa ya ce Dakta Mamman Shata, ka san ba a yi ɗaukar kafin 1988 ba, shekarar da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa. Hatta kyautar da ake yi wa godiya tana magana, doki ne, keke ne, ko mota, kuma wace iri. Da irin wannan kake matse waƙa cikin shekara biyar ko shida. Aiki ne mai daɗi, amma abin kunya ne a ce haka muke nemo tarihin mutumin da ya rasu jiya-jiya, wanda 'ya'yansa da wasu makaɗansa suka rayu bayansa.

Na Ɗan Maraya ya ɗan fi sauƙi, don shi kaɗai ne da kayan kiɗansa, ba 'yan amshi, waƙoƙin kuma gajeru ne masu kai da gindi. Adamu Wayya sunansa, haifaffen Bukur a 1946, iyayensa suka rasu yana ƙarami, Sarkin garin ya riƙe shi. Kuntigin nan da ya zaga duniya da shi gwangwanin kifi ne aka rufe da fata aka ɗaura tsirkiya ɗaya. Da shi ya yi wa karen mota waƙa, yaron da ke kwana kan kaya yana sa wa taya waigi, a zamanin da manyan mawaƙa ke bin fada da gidajen masu kuɗi. Ni a ganina wannan ma wani babban mataki ne a tarihin waƙar Hausa, daidai da duk wani abin da Turawa ke sa wa rana a kalanda. Sai dai ba ranar da za ka nuna.

Kada wani ya ce ai kwanan wata ado ne na masu bincike. Kuɗi ne. Manu Dibango na Kamaru ya saki Soul Makossa a 1972. Shekara goma bayan haka sai ga amshinta a waƙar farko ta kundin Thriller, ba tare da an nemi izininsa ba. Da ya tashi neman haƙƙinsa bai sha wahalar nuna wanda ya riga wani ba, faifai na nan da tambarin kamfani da shekara, aka sasanta da shi a wajen kotu aka biya shi. Yau ka saurari yadda yara ke yanko muryar tsofaffin mawaƙanmu suna ɗorawa a kan kiɗan kwamfuta. Ban ƙi ba, wasu ma suna yi da kyau. Amma ranar da ɗaya daga ciki ta yi kuɗi a waje, da wace takarda iyalan mawaƙin za su tsaya? A 2024 kamfanin Sony ya sayi rabin haƙƙin waƙoƙin Maikal a kan kuɗin da aka ruwaito ya kai dala miliyan 600, shekara 15 bayan mutuwarsa. An iya yin cinikin ne saboda kowace waƙa an san ranarta da mai ita.

Akwatin kawu yanzu yana hannuna. Wasu kaset ɗin zaren ya manne, wasu na gyara da man farce kamar yadda muke yi da can. Abin da ya fi amfani a ciki ba sautin ba ne, don yawancinsa akwai shi a intanet. Rubutun biro ne da ke jikin kwalayen: wani an rubuta sunan gari, wani "bikin gidan Alhaji" da shekara, wani kuma ranar da aka naɗo shi daga rediyo. Ina kwafe su cikin littafi ɗaya bayan ɗaya, kowanne da farkon waƙar da tsawonta. Idan akwai irin wannan akwati a gidanku, kafin ku tura waƙoƙin cikin waya ku zubar da kwalayen, ku ɗauki hoton rubutun da ke jiki.