Motar jikka uku da shanun yumɓu

Assalamu alaikum 'yan uwa iyaye. Yau zancen kayan wasan yara nike so mu yi, don abin ya daɗe shina cina a rai tun Sallar layya da ta wuce.

Ranar jajibiri baban yara ya shigo da baƙar leda, ya miƙa ma yarona mai shekara huɗu wata jar mota ta roba, irin mai batir ɗin nan da ke kuka tana walƙiya, in ta yi karo da bango ta juyo da kanta. Jikka uku ya saye ta a kasuwa. Wallahi murnar da yaron nan ya yi har ni sai da na ji sanyi a raina, da ita ya kwana a hannu, ko naman salla bai dame shi ba. Kwana biyu ke nan. Rana ta uku taya guda ta hita, kukan ma ya tsaya, shi kuwa da ya ga ta daina motsi sai ya samo dutse ya fasa cikinta wai shina son ya ga wane ne ke kuka a ciki.

Fasa motar ba shi ya tada min hankali ba. Ina tsugune ina wanke-wanke na waigo na ga ƙanwarshi, lokacin watanta goma sha huɗu, tana mamular wani abu, na sa yatsa na zaro, ashe ɗan batir ne mitsitsi mai kama da maɓalli da ya faɗo daga cikin motar. Har yanzu in na tuna sai jikina ya yi sanyi. Don Allah wadda ba ta sani ba ta sani yau, irin wanga batir in yaro ya haɗiye shi ya maƙale a maƙogwaro, cikin kamar awa biyu shina iya ƙona naman wurin, kuma ba a jira a ga alama, ba a sa yaro amai, asibiti ake nufa kai tsaye. Shina cikin agogo, shina cikin 'yan fitilun wasa da takalman yara masu walƙiya, ku dinga dubawa ko murfin wurin batir ɗin da kusa aka ɗaure shi.

Ba wai ina hana saya ma yaro abin wasa ba ne, uba ya ga ɗanshi na murna ai abin so ne. Amma bayan abin ya wuce na zauna na yi tunani, kwana biyun da motar ta yi da rai mi yaron ya yi da ita? Danna maɓalli ya koma gefe shina kallo. Ita ke tahiya, ita ke kuka, ita ke juyawa. Aikin da ya yi da hannunshi da kanshi guda ɗaya ne tak, shi ne ranar da ya fasa ta don ya ga ciki.

Bayan salla da sati guda Inna, wato uwar mijina, ta zo mana daga ƙauyensu can wajen Tibiri, ta tarar da yaron shina ta rigima a sake saya mishi wata. Ba ta ce komi ba, washegari da safe ta aiki almajirin gidanmu wurin masu ginin tukwane ya karɓo mata curin yumɓu, ta shimfiɗa buhu a ƙarƙashin dogon yaro ta zauna ta miƙe ƙafa ta ce "zo nan maigida, zo mu yi shanu, wane namiji ne ba shi da garke." Ina daga bakin murhu ina kallonsu. Ta gutsuri yumɓun ta mulmula a tafin hannu, ta ja wuya, ta matso tozo da yatsa biyu, ta karyo tsinken tsintsiya ta yi ƙaho, kafin ka ce kwabo ga sa tsaye. Ta tura mishi nashi curin. Ya yi ta fama, harshe waje, yumɓu har goshi, nashi san in ya tsayar sai ya kife, ya tsayar ya kife, har ya fara ɓata rai. Na taso zan gyara mishi Inna ta ɗaga min hannu ta ce "ke ɗiyata koma ga tuwonki, bar shi." Sai ta tambaye shi, ƙafa nawa sanka gare shi? Ya ce bai sani ba. Ta ce to ga akuya can ɗaure, je ka tambayo ta. Ya ruga wurin jar akuyarmu ya tsuguna shina taɓa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, ɗaya, biyu, uku, huɗu, ya dawo da gudu ya duba nashi ya ga uku ya yi mishi. Ya liƙa ta huɗu, sa ya tsaya. Ihun da ya yi ranar ya fi na ranar mota.

Kafin nan na yi wata da watanni ina sa shi haddar ɗaya biyu uku har goma, kuma ya iya rerawa tsaf, amma in na ce miƙo min cokali uku sai ya kwaso duk abin da hannunshi ya ɗauka. Ashe rerawa daban, sanin cewa huɗu na nufin abu huɗu daban. Ranar a ƙafar akuya ya gane.

Da na ba maƙwabciyata labari, ita tanti ce, wato malamar ƙananan yara, a wani jardan, makarantar yaran da ba su isa shiga firamare ba, sai ta ce ai abin da aka koya musu ke nan. Ta ba ni labarin Maria Montessori, likita 'yar Italiya da ta buɗe gidan yara na farko a birnin Rum a 1907, kuma a unguwar talakawa ta buɗe shi, yau ga makarantu masu sunanta ko'ina a duniya. Na ce mi suke yi a ciki? Ta ce yaro ya juye tsaba daga wannan kwano zuwa wancan, ya ware abubuwa iri-iri, ya ɓalla maɓallin riga, ya yi shara, ya bi siffar harafi da yatsa a kan abu mai kaushi tun bai riƙe abin rubutu ba. Na ce Tanti ai wannan aikin tsakar gidanmu ne kike lissafa min. Ta ce ƙwarai, kuma yaran da ke ba su wahala in an zo riƙe alli su ne waɗanda yatsunsu ba su saba aikin komi ba, hannun ya yi laushi, layi biyu sun gaji suna kuka.

Tun daga nan na canza. Na samu tsohon bokitin fenti na wanke shi ya zama na kayanshi, kuma babu abin da na saya a ciki. Marafen gorar ruwa da na lemo su suka fi yawa, mai shagon bakin layinmu ke tara min, ja da shuɗi da kore da fari, wata rana in ce ware min jajaye, wata rana in jera ja fari ja fari in ce ci gaba, wata rana shi da kanshi ya jera su dogon layi ya ce motocin gyaɗa ne za su Jibiya. In zan dafa wake sai in ɗiba mishi kaɗan a faifai ya tsince min tsakuwa da masu huji, ba ya tsincewa da kyau, ina sakewa a bayanshi, amma zaman da shike yi shiru na minti goma shina aiki da ɗan yatsa da babban yatsa ya ishe ni riba. Rubutu kuwa rairayi nike tankaɗewa a tsohon tire, in zana mishi da'ira ko sanda ko alif, ya bi da yatsa, in ya ɓata ya girgiza tiren ya sake, ba kaye (littahin rubutu) da ya ƙare ba bik (abin rubutu) da ya ɓace, mu da rairayi bai yi mana wuya ba a garin nan.

Abu guda da nike kiyayewa, marafe da wake da gyaɗa duk ba na bari kusa da ƙaramar, sai ta yi barci ko tana goye muke hito da su, don yaron da bai kai shekara uku ba komi baki shike kaiwa. Ita nata kwanon silba ne da ludayi da ƙullin tsumma.

In yumɓu ya ƙare ina kwaɓa mishi na fulawa, kofi biyu na fulawa, kofi guda na gishiri, ruwa kamar kofi guda ana zubawa kaɗan-kaɗan, da cokalin man gyaɗa, in na rufe a roba mai murfi shina yin kwanaki. Launi kuma daga madafa, ruwan zoɓo, kurkum don rawaya, garin gawayi don baƙi. Manne kuwa ƙaro nike jiƙawa ya kwana, shi ɗin dai da malamai ke sawa a tawadar allo, da shi muke liƙa ƙyallayen atamfa da tela ke zubarwa a kan kwalin taliya, ya yi riga ya yi gida ya yi abin da ni ban gane ba sai ya yi min bayani. Yanzu da aka yi girbi kara ya samu, yayyen unguwa masu shekara takwas tara sun dawo da sana'arsu ta motar kara, su fere ɓawon su soka a totuwa su yi taya da tsohon silifas, har tabarau suke yi. Nawa bai isa fere kara ba don ɓawon na yanka hannu kamar reza, amma shi ne mai miƙo kaya, shina kallo shina tambaya, kuma na lura abin da yaro ke ɗauka wurin yaro ɗan uwanshi ya fi saurin zama.

Sai maganar waya, wadda ni ma ta shafe ni. Lokacin zafin Afrilu da Mayu da zafin rana ke wuce digiri 40, kina girki ga goyo ga mai kuka, miƙa mishi waya ya kalli katun shi ne mafi sauƙi, na yi kuma na san da yawa muna yi. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta hitar a 2019 ta ce yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban waya ko talabijin, mai shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa guda a yini, in ya gaza haka ma ya fi. Ni abin da na gani da idona, in ya daɗe da waya sai in kira sunanshi sau uku bai ji ba, in na karɓe kuma birgima. Yanzu bayan isha'i, balle in an ɗauke wuta, tabarma muke shimfiɗawa a tsakar gida in ce ga ta nan ga ta nanku, in kawo ta Gizo da Ƙoƙi, in na kai tsakiya in tsaya in ce to mi kake gani Gizo zai yi? Amsoshin da shike ba ni wani lokaci sun fi tatsuniyar daɗi. Kacici-kacici ma ya fara kamawa, na shanu dubu maɗaurinsu ɗaya ya fi so, da an faɗa zai ruga ya ɗauko tsintsiya.

Wata 'yar uwata ta ce min ina ɓata mishi lokaci da Hausa, gara in fara mishi ƙirga da Faransanci tunda shi zai tarar a lekol. Ban yarda ba. Yaron da ya san huɗu a ƙafar akuya, ranar da mushe, wato malamin lekol, ya ba shi sunanta da Faransanci suna kawai zai ƙara, abin ya riga ya zauna. Kuma mu nan lissafinmu biyu ne dole ya iya, dala ashirin a bakin mai ƙosai ita ce 100 a rubuce, shi ya sa muke wasan kasuwa, shi mai tebur ni mai saye, ganyen dogon yaro ne kuɗɗinmu, in taya ya ce albarka. Balle tun 2025 Hausa ce aka rubuta a matsayin harshen ƙasa a Nijar, ban ga dalilin da zai sa uwa ta ji kunyar koya ma ɗanta da ita ba.

Jardan kuwa bana ban sa shi ba, sai baɗi in Allah ya kai mu. Kuɗɗi na ciki, amma ba su kaɗai ba ne. Duk wanda ke Maradi a watan Nuwamba na 2021 bai manta gobarar da ta tashi a azuzuwan zana ta ci yara ƙanana sama da 20 ba, Allah ya jiƙansu ya ba iyayensu haƙuri. Bayanta gwamnati ta hana sa 'yan jardan a ajin zana, duk da haka ni sai na taka da ƙafata na ga ajin, na ga ƙofa, na ga yara nawa ke hannun tanti guda, na ga ko akwai abin da suke taɓawa da hannu ko kuwa zama ne kawai ana rera musu suna amsawa tun safe har azahar.

Inna ta koma tun kafin a gama noman farko. Shanun da suka yi tare guda bakwai ne, ya jera su a kan katanga, ruwan Agusta ya narkar da biyu ya zo ya faɗa min saura biyar ba tare da na tambaye shi ba. Shekaranjiya sai ga ɗan kabu-kabu da ƙullin buhu daga tasha, Inna ce ta aiko da yumɓu, da saƙon in rufe shi da jiƙaƙƙen tsumma kada iskar hunturu ta busar da shi, kuma a ce ma maigidanta wannan karon raƙumi take so ya gina mata kafin ta zo.