Kwanukan Subodh Gupta da filin da na sayar

Wani yaro da na koya wa zane ya zo mini da wayarsa a hannu, bakinsa har kunne, yana nuna mini saƙon da wani gidan baje-kolin zane na Turai ya aiko masa, wai an zaɓe shi ya nuna aikinsa muddin zai biya kuɗin bango da na dako. Aikin kuwa doki ne na filasta da ya lulluɓe da maɓallai masu launi, kuma tun kafin ya yi bayani na gane cewa giwar da Bharti Kher, mai zane da ke aiki a Indiya, ta ƙera ce ta rikiɗa ta zama doki, wato giwar nan da ke kwance, wadda aka rufe jikinta da ɗigon da matan Indiya ke liƙawa a goshi, aka sayar da ita a gwanjon Landan a 2010 a kan kusan fam miliyan ɗaya. Ya ce, "Malam, babur ɗina zan sayar." Na rasa abin da zan ce masa, domin ni fili na sayar.

A 2007 ne na ga hoton aikin Subodh Gupta, mijin ita Bharti Kher, a wata mujalla: ƙaton ƙoƙon kan mutum da aka haɗa da tukwane da kwanuka da ludayoyin silba, yana ƙyalli a bakin ruwa a gaban fadar Grassi da ke birnin Benis na Italiya. An fara nuna shi a wata majami'a a Faris a 2006, attajirin Faransa François Pinault ya saya. A lokacin kasuwar zanen Indiya tana ci kamar wutar daji, tun bayan da aka sayar da wani zanen Tyeb Mehta a Amurka a 2005 a kan fiye da dala miliyan ɗaya da rabi. Ni kuma ina koyarwa, albashi ba ya kai tsakiyar wata, sai na ce a raina, in dai kwano ne ya kai mutumin jihar Bihar ta Indiya Benis, ai mu ne gidan kwano.

Na shiga kasuwa na kwaso kwanukan silba da faranti da samiru, na kai wa mai walda, muka kama haɗa wani ƙaton kai mai rawani. Kwanon zamani ba shi da kauri, da wuta ta taɓa shi sai ya huje, gefen ya yi baƙi ƙirin, sai mu ajiye mu ɗauko sabo, waɗanda suka kamu kuma in zauna da toka da tsumma ina gogewa har fatar yatsuna ta saɓule. Maiɗakina ta leƙa farfajiyar ta ga tarin waɗanda suka lalace, ta ce, "Malam, wannan ai ya isa jeren amare uku." Na yi dariya, na ce mata ba ta san yadda duniya take tafiya ba. Da wani gida a Turai ya amsa wasiƙata ya yanka mini kuɗi, sai na sayar da filin da na gada, na biya, na biya dako, na yanki tikiti.

Ɗakin da aka ba ni a ƙarƙashin ƙasa yake, kuma yawancin waɗanda suka zo ranar buɗewa irina ne, masu zane daga ƙasashe daban-daban da suka biya kuɗi, kowa yana tsaye kusa da kayansa yana jiran mai saye. Mace ɗaya ce ta shigo da alamar ta san harkar. Ta tsaya gaban aikina ba ta fi ƙiftawar ido ba, ta ambaci sunan Gupta, ta yi murmushi, ta wuce. Kasuwar duniya kuma ta rushe a 2008, farashin zanen Indiya kansa ya faɗi warwas. Kuɗin dawo da kan ya fi ƙarfina, na baro shi a sito, kuɗin ajiya ya taru, daga ƙarshe aka ba masu gwangwan.

Har yau ban yarda cewa duk laifina ba ne. Kwano namu ne tun kafin a haifi Gupta a 1964, kuma duk wanda ya taɓa shiga ɗakin amarya na da, ya ga langa da fanteka da tasa an jera su daga ƙasa har rufi, ya san matanmu sun daɗe suna yin abin da Turawa ke biyan kuɗi su kalla. Aro ma ba zunubi ba ne: ƙungiyar masu zane da su M. F. Husain suka kafa a Bombay, wato Mumbai ta Indiya, a 1947 ta ɗauki abubuwa da yawa daga masu zanen Turai, haka ma su Uche Okeke da suka kafa tasu a Zariya a 1958. Sai dai in zan faɗi gaskiya, ban taɓa zama na kalli jeren mahaifiyata ba. Hoton mujalla na kalla. Shi kuwa Gupta ɗan ma'aikacin jirgin ƙasa ne daga garin Khagaul, ya tashi cikin waɗannan kwanukan, ya gama makarantar zane ta Patna a 1988, ya sha wuya a Delhi, kuma a 1997, lokacin da shi da abokansa suka fara ƙungiyar masu zane ta Khoj, da kashin shanu ya gina ɗaki, irin wanda ake busarwa a yi girki da shi a ƙauyukansu. Ni shekarar Benis kaɗai na hango, ban ƙirga sha takwas ɗin da suka gabace ta ba, alhali hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Daga baya ne, bayan fili ya tafi, na zauna na bi tarihin masu zanen Indiya da lissafin shekaru. An haifi Nalini Malani a Karachi a 1946, kuma ta haura saba'in kafin cibiyar Pompidou ta Faris ta tattara ayyukanta a 2017. Arpita Singh tana da shekara 87 lokacin da gidan Serpentine na Landan ya yi mata nata a 2025. Bhupen Khakhar akanta ne, ya daɗe yana aikin lissafi yana zane a gefe a Baroda, ya rasu a 2003, sai a 2016 gidan Tate Modern ya baje ayyukansa. Nasreen Mohamedi, wadda ta yi rayuwarta tana ja wa takarda siraran layuka, ta rasu a 1990, kuma a 2016 aka yi mata babban baje-koli a Amurka. Ba na yi wa kowa fatan ɗaukakar bayan rai, kuma na san za ku kawo mini Jitish Kallat, wanda aka haifa a 1974, ya yi suna tun yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai, har ya cika matakalar babban gidan zane na Chicago da rubutun fitilu a 2010. To, na ji. Amma shi ma a Mumbai aka fara saninsa, kuma gayyatarsa aka yi.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma yaran yanzu ba sa karanta abin da ya wuce tsawon allon waya, don haka ga abin da ya rage. Kada ka biya kowa kuɗi domin ya rataya aikinka. Gidan da yake da mutunci shi yake nemanka, ya ɗauki nauyin dako, mai sayarwa kuma ya cire kasonsa bayan an yi ciniki. Kada ka sayar da abin da kake cin abinci da shi, ko da Faris ɗin ce da kanta. Ku rage kallon aikin mutanen Indiya a Instagram, domin da safe kuke gani, da yamma ku kwaikwaya, kuna kiran kanku masu zane na duniya alhali ba ku iya zana hannun mutum ba. Amma kuma ku kalle shi, kallo na nutsuwa, kuma in an biya muku kuɗin jirgi zuwa birnin Kochi na Indiya kada ku tsaya shawara da ni, ku tafi.

Na ambaci Kochi ne saboda can ne abin da ya fi ci mini rai yake. Gwamnatin Indiya ba ta buɗe rumfarta ta ƙasa a babban baje-kolin Benis ba sai 2011, ta sake a 2019, amma masu zanen ba su zauna jiranta ba. Bose Krishnamachari da Riyas Komu suka nemi goyon bayan jihar Kerala, suka share tsofaffin sitocin 'yan kasuwa na bakin teku, suka buɗe nasu baje-kolin a Disamban 2012, yau masu tsara nune-nune na Turai da Amurka su ne suke hawa jirgi su je. Da kuɗin filina na kama tsohon sito a gida na tara abokai, da ban san inda muka kai ba, ko da yake wataƙila da mun watse. Ku dai ku gwada: ku haɗu ku biyar ko shida, ku kama wuri, ku riƙa nuna aikinku duk shekara ko da mutum goma ne za su zo. Na san halinku, kafin a share wurin za ku fara rigima a kan wanda zai zama shugaba.